Benci na Ƙarshe

Sun ba ni benci na ƙarshe, jikin taga,
inda kwano ke ɗiga in an yi ruwa.
Daga ofis na zo, da takarda mai gidaje goma sha biyu,
kowane gida na jiran maki.
Can nesa jirgin Rigasa ya yi kuka, ya wuce.

Yara goma sha tara,
ba wanda aka binne cibiyarsa a garin nan.
Falmata ta Diffa har yau da sefa take lissafi a zuci.
Jenabu ta Marwa, Faransanci na leƙowa ta bakinta
kamar ɗan akuya ta ƙofar da ba a sakaya ba.
Ga wani dogo, Mudassir, da yaƙi ya koro daga Umdurman,
ya buɗe littafi ta baya,
ya soma rubutu daga dama,
ya tuna, ya goge da yawu.

Malama Dinatu ba ta riƙe bulala.
Guntun alli gare ta, da muryar da ta dushe tun Talata.
Ta ɗaga kofi, ta kira sunansa da Turanci,
suka amsa baki ɗaya, kowa da tasa karayar.
Harshe bai saba da wannan takalmin ba,
yana ɗingishi, amma yana tafiya.

Darasin yau: abin da ya wuce.
Ta ce, a Turanci in abu ya shige
sai a ɗaura wa kalma 'yar wutsiya,
harafi biyu, shi ke nan, an rufe.
Kowa ya rubuta jimla uku a kan gidansu.

Na tashi ina zagawa, hannu a baya,
yadda aka koya mana.
Na tsaya a kan Mudassir.
Babana yana sayar da turare.
Shagonmu yana kusa da kogi.
Ƙanwata tana kiwon tantabaru a soro.
Ba wutsiya ko ɗaya.
Duk suna tsaye, suna numfashi.

Malama ta iso da jan biro.
Na ga bakinsa ya sauka,
saura ƙiris ya taɓa takarda,
ya tsaya cak, kamar mazari a kan ruwa.
Ta sunkuya, da Hausa, ƙasa-ƙasa:
Tantabaru nawa?
Ya ce, Ashirin da shida.
Ya ɗan jima.
Ya ce, Yanzu ban sani ba.
Ta mayar wa biro hularsa.

Gida na bakwai a takardata yana tambaya:
Shin malami na gyara kuskure nan take?
Eh ko a'a. Ba a bar fili a tsakani ba.

Ni ma an taɓa kawo ni.
Daga Zangon Aya, a bayan motar masara,
aji uku, Tudun Wada.
Ƙofa ta datse mini yatsa, na ce wayyo,
monita ya rubuta sunana: ta yi Hausa.
Kwabo biyar, kuɗin ƙosaina na kwana biyu.
Shekara arba'in da ɗoriya ke nan,
amma in zan yi Turanci gaban manya
sai na ji hannuna na laluben bakin zane.

Aka kaɗa tsohon wilin mota, tashi ya yi.
Suka fita suna ture juna,
Larabci ya taka Barbarci, Fillanci ya yi dariya,
a gindin mai awara duk suka koma Hausa,
don ciki ba ya jiran fassara.

Malama Dinatu na share allo da tsumma.
Ba ta tambaye ni nawa ta ci ba.
Ta ce, Gobe zan koya masa, Hajiya.
Ko jibi.
Wutsiyar ba inda za ta.

Na cike gidaje goma sha ɗaya.
A cikin keke, kan gada, hanyar Kakuri,
kogi ya cika ya yi ja,
wasu tsuntsaye suka tashi daga rufin wani shago.
Sai na kama kaina ina ƙirgawa.
Na kai sha huɗu
motar itace ta tare mini sama.